Natsuwar da ake tallata muku a waya, daga ina ta fito?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure, akwai wani al'amari da ke shigowa gidajenmu ta wayoyin ƴaƴanmu, musamman ƴan makarantar boko da matasan ma'aikata. Bidiyoyi ne da sautuka, galibinsu da Faransanci, a YouTube da TikTok da manhajoji irin su Petit BamBou da Headspace. Ana ce wa mutum ya tanƙwashe ƙafafu, ya rufe ido, ya bi shigar numfashinsa da fitarsa. Suna kiransa meditasiyon, suna alkawarin cewa da shi za ka gano haƙiƙanin kanka, zuciyarka da ta tarwatse ta haɗu, ka ji ka sadu da dukkan halitta. Kafin ku sha ruwa, ku tambayi rijiyar da aka ɗebo shi.

Asalin wannan zama ibada ce a addinin Buda. Wanda ake jingina wa addinin, Siddata Gotama, an haife shi a Lumbini cikin ƙasar Nefal ta yau, kimanin shekara 500 kafin Annabi Isa, alaihis salam. Mabiyansa sun ce a zaune ƙarƙashin wata itaciya a Bodgaya ta Indiya ya samu abin da suke kira farkawa. Bin numfashi yana cikin hanyoyin da ya koyar, kuma manufarsa a wurinsu ita ce kuɓuta daga zagayen mutuwa da sake haihuwa, a kai ga abin da suke kira nibbana. Wannan tsira ba a gina ta a kan Mahalicci ba, babu wahayi a cikinta, babu tsayuwa gaban Ubangiji.

Ku lura da wani abin mamaki. Masu tallan suna cewa zo ka gano kanka na gaskiya, alhali ɗaya daga ginshiƙan koyarwar Buda shi ne cewa babu wani kai tabbatacce a cikin mutum, babu ruhi dawwamamme. Mai zurfafa wannan zama ana so ne ya kai ga ganin haka. Ke nan ko masu addinin ba a faɗi maganarsu daidai ba a cikin tallan. Mu kuwa mun yi imani da ruhin da Allah Ya busa, wanda mala'ika zai karɓa, a tambaye shi a kabari, a tashe shi ranar hisabi. Ta yaya hanyar da aka shimfiɗa don rushe wannan fahimta za ta zama hanyar gyaran zuciyar mumini?

Yadda abin ya sauya riga kuwa sananne ne. A 1979 wani Ba'amurke mai suna Jon Kabat-Zinn, wanda ya yi karatu wurin malaman Buda, ya buɗe shirin rage damuwa a asibitin jami'ar Masacusets, ya cire kalmomin addini ya bar aikin. A Faransa, malamin Buda ɗan Biyetnam Thich Nhat Hanh ya kafa cibiyarsa a 1982, daga can littattafansa suka bazu cikin masu jin Faransanci. Ɗaya daga waɗanda suka kafa Headspace ya yi shekaru yana zaman zuhudu irin na addinin Buda. Su ba su ɓoye wannan ba, mu ne ba mu bincika.

Na san wani zai ce: Malam, ai numfashi ne kawai, kuma ilimi mai amfani ana ɗaukarsa ko daga ina ya zo. Rabin maganar gaskiya ce. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya karɓi shawarar haƙa gwalalo daga Salmanul Farisi, dabarar yaƙi ce ta Farisawa. Idan ma'aikacin lafiya ya ce wa mai hawan jini ko mai firgita ya zauna ya ja numfashi a hankali, wannan magani ne, ba na hana shi, kuma kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya je yana haramta abin da Allah bai haramta ba. Amma tsarkake zuciya da neman ma'anar rayuwa ba dabarar yaƙi ba ce. Wannan fagen ibada ne, ibada kuwa ba a aro ta.

Kuma abin ba ya tsayawa a numfashi. Daga bidiyon minti 10 sai a kai ka ga maimaita wasu kalmomi da ba ka san ma'anarsu ba, sai zama gaban mutum-mutumi da turare, sai gayyata zuwa keɓewa. Ku ɗauki misalin zaman kwana 10 na Wifassana bisa tsarin Goenka, wanda ke da cibiyoyi a ƙasashe da dama. A farkon zaman ana furta neman mafaka ga Buda da koyarwarsa da jama'arsa, kuma dokar wurin ta nemi mahalarci ya dakatar da duk wata addu'a da ibada da jan carbi har a gama. Ku lissafa da kanku: kwana 10, salla 50 ke nan. Wace natsuwa ce kuɗinta salla 50?

Yanzu bari in juyo kanmu, don nan ne ciwon yake. Yaron da ya je neman natsuwa a waya ba ƙarya yake ba, zuciyarsa a dame take: ga tsadar hatsi, ga rashin aiki, ga labaran rashin tsaro dare da rana. Ya zo masallaci, me ya tarar? Sallar da ake idarwa kamar ana kora mu, ruku'u da sujada kamar kaza na tsattsagar gero, ana sallame wa kowa ya zaro waya. Alhali a Ahalari da Ishmawi da muka karanta tun muna yara, natsuwa da daidaituwa suna cikin farillan salla. Annabi ya mayar da wani mutum har sau 3 ya sake salla saboda rashin wannan natsuwar. Shi da kansa idan abu ya tsananta gare shi salla yake fuskanta, yakan nemi Bilal ya tayar da ita don a huta da ita. Aya ta 28 a Suratur Ra'ad ta nuna mana inda zukata ke samun kwanciya, wato ambaton Allah. Muna da zaman bayan Asuba har hantsi, muna da tsayuwar dare, muna da i'itikafin goman ƙarshe na Ramadan. Imamul Gazali ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u don muraƙaba da muhasaba, wani kuma don tafakkuri. Wanda ke zaune shiru yana zikiri ya san Wanda yake tare da Shi, ya san ana jinsa. Rumbu cike yake, mu ne muka bar ƴaƴanmu suna bara a ƙofar wasu.

Iyaye, idan kun ga ɗanku ko ƴarku a kan wannan, kada ku fara da duka ko kiran kafirci. Mafi yawansu ba su san asalinsa ba. Ku zaunar da su ku tambayi abin da ke hana su barci. Idan damuwar ta kai ga rashin ci da rashin barci na makonni, ko maganar gajiya da rayuwa, ku kai su asibiti tare da addu'a, neman magani sunna ne. Kuma kada a mayar da wannan zaure wurin zagin mabiya Buda, Alƙur'ani ya hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa.

Daga wannan mako, in sha Allah, bayan sallar Magariba za mu koma babin farillan salla na Ahalari, mu tsaya a kan natsuwa har sai kowa ya iya ta a aikace. Ku zo da matasanku, har da waɗanda ke da waɗannan manhajoji a wayarsu, su zo da tambayoyinsu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.