Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Masu Zana Taswirar Tafkin Chadi Daga Hotunan Tauraron Ɗan Adam

Daga unguwar Mursal, birnin Njamena.

Mai wannan wasiƙa yana yaba wa matasan masana da suka ƙware a kan hoto mai ɗaruruwan launuka, wato hoton da na'ura ke ɗauka bayan ta tsaga hasken da ƙasa ke mayarwa zuwa sirara fiye da 200, daga nanomita 400 zuwa 2500, ta yadda za a iya gane yumɓu ta hasken da yake shanyewa wajen nanomita 2200. Sun iya sarrafa bayanan na'urorin PRISMA na Italiya da aka harba a 2019, da EnMAP na Jamus da EMIT na Amurka, dukansu na 2022, kuma wannan abin a jinjina musu ne.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne taswirar da ake fitarwa ba tare da mai ita ya taka ƙasar da ya zana ba. Kowane ɗigo a hoton EnMAP fili ne mai faɗin mita 30, kuma a gaɓar tafkin, tsakanin Bol da Baga Sola, fili ɗaya irin wannan kan haɗa laka da kacalla da ɓawon kanwa da ruwan da ke kwance ƙarƙashin ciyawa. Haskensu yakan cakuɗe, sai kwamfuta ta nemi abin da ya fi kama da shi a ma'ajiyar samfuran da aka auna a ɗakunan binciken Amurka, ta laƙaba masa suna, shi kuwa mai taswira ya sa hannu. Fatake a kasuwa suna rarrabe farar kanwa da ja da ungurnu, kowacce da kuɗinta da amfaninta, amma taswirar masani sai ta shafe su duka da launi ɗaya.

Magabata ba haka suka yi ba. Jean Tilho da ayarinsa sun auna tafkin tsakanin 1906 da 1909 a ƙafa da kwalekwale, kuma daga wannan wahala ya fahimci cewa tafkin yana da hali uku, babba da matsakaici da ƙarami, yana sauyawa a tsakaninsu. Masana ruwa na cibiyar bincike ta ORSTOM sun shafe shekaru suna karanta ma'aunin ruwa a Bol, shi ya sa lokacin da fari ya raba tafkin gida biyu a 1973 suka san abin da ya faru da dalilinsa. Abin takaici, yau sai a ɗauki hoton rana guda, wataƙila ma a cikin hunturu lokacin da ƙurar kwarin Bodele ta turnuƙe sama ta gurɓata hasken da na'ura ke aunawa, a kira fadamar da masunta ke ratsawa da jirgi busasshiyar ƙasa don kawai ciyawa ta rufe ruwan. Wannan ganganci ne, domin a kan irin wannan takarda ake yanke shawarar inda za a yi noma da inda za a kai dabbobi.

An san cewa rashin tsaro ya hana shiga wasu tsibiran, kuma babu mai hankalin da zai tura ɗalibi can. Amma gaɓar kogunan Shari da Logone tana nan a bakin gari, haka ma unguwar Waliya da ambaliyar 2022 ta mamaye, kuma hedkwatar Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, a cikin Njamena take. Roƙon da ake yi, cikin girmamawa, shi ne a ɗebo ƙasar waɗannan wurare a jaka a ranar da tauraron ya wuce, a rubuta wurin da lokacin, a auna haskenta, a tara ma'ajiyar samfura ta gida, sannan kowace taswira ta bayyana wurare nawa aka duba da ido da kuma nawa kwamfuta ta kuskure.

Allah ya ƙara basira. Wassalam.