Daga Meiganga: Robar Da Ke Riƙe Totur



Duk wanda ya taɓa ɗaure kaya a bayan mashin ya tashi daga Meiganga zuwa Ngaundere ya san ciwon da zan faɗa. Tafiyar kilomita wajen 160 ce, hannun dama na murɗe da totur tun daga fita gari. Kafin a kai rabi yatsu sun yi tsami, wuyan hannu ya sage. Mai zarcewa Garwa kuwa, gara kada a yi maganarsa.

Wannan ciwo ne ya sa ɗan wana, wanda ke kai mini atamfa da takalma kasuwannin ƙauye, ya zo da wata dabara da ya gani a waya. Ya yanko robar tsohon tub, ya naɗe ta a gindin mariƙin totur, ta yadda in ya murɗa ya saki, totur zai tsaya inda ya bar shi. Ya ce da ni, "Baffa, ka ga na sa wa Bajaj ɗinmu kurus kwantirol, irin na Turawa, ko dala ban kashe ba." Ba zan ɓoye muku ba, na hau na gwada, na ji daɗi, har na sa masa albarka.

Bayan mako biyu, yana dawowa daga Garwa-Bulai, ya sako gangara, sai ga shanu sun ɓullo daga daji suna tsallaka kwalta. Ya saki totur kamar yadda hannu ya saba, ya damƙi birki. Ina! Inji bai sassauta ba, birki na riƙewa, inji na turawa. Allah ya tsare bai daki saniya ba, amma ya faɗa rami, ƙashin kafaɗa ya karye. Mako shida yana zaune, ga matarsa da jego. Ni da na yaba wa robar, ni na kasa haɗa ido da mahaifiyarsa.

To mene ne bambancin robarmu da ta Turawa? Na'urar ta gaskiya wani injiniya makaho ne ɗan Amurka, Ralph Teetor, ya ƙirƙiro ta, kamfanin Chrysler ya sa ta a mota a 1958. Daga baya ta shiga manyan babura irin su Honda Gold Wing. Ita gudun take aunawa: a hawa ta ƙara mai, a gangara ta rage, da ka taɓa birki ko kuloci kuma ta saki nan take. Roba ba ta san komai ba. Buɗin totur kawai take riƙewa, don haka a gangara mashin ƙara gudu yake. Ƙasarmu ta Adamawa kuwa hawa da sauka ce, balle gangarar nan ta Mbe a hanyar Garwa, wadda direbobin manyan motoci ma ke sauka da addu'a.

A cikin kafireto akwai wani ɗan sifirin da ke mayar da totur da zarar ka saki. Shi ne mai gadinka ranar da ka firgita. Wanda ya sa roba, mai gadin ya ɗaure.

Abin da makanikenmu ya yi mana ya fi sauƙi. Ya zare wayar totur ya sa mata mai, don sau da yawa ƙura ce ke sa ta tauri har hannu ya gaji. Ya bar ɗan wasa na milimita 2 zuwa 3 a mariƙin, ya canza robar mariƙi da ta lashe. Ya ce kullum kafin tashi a murɗa totur a saki, a juya kan mashin dama da hagu a sake gwadawa. In bai koma da kansa ya ce "tak" ba, kada a hau. In kuma ya maƙale ana cikin tafiya, a kama kuloci tukuna, a taka birki, a kashe makulli.

Sauran kuwa hutu ne. Duk awa guda ka tsaya, ka yarfe hannu, ka sha ruwa. Minti biyar ba ya hana ciniki, sauri kuwa shi ya haifi nawa.

Uwargida, ke ma da aikinki. Gobe in maigida ko yaro zai fita, leƙa hannun dama na mashin. In kin ga roba ko waya a naɗe, ki riƙe makullin sai an cire.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.