Lafiyar Iyali: In Masu Gadi Suka Far wa Gida

Masu karatu, a wannan wata za mu duba wani ciwon gaɓoɓi wanda mukan ce sanyi ne, mu yi ta shafa mai har yatsu su karkace.

Cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi, su ne masu gadin jiki. Aikinsu shi ne su gane ƙwayar cuta su kashe ta. Amma wani lokaci sukan ruɗe, su ɗauki tantanin da ke shimfiɗe cikin gaɓa tamkar abokin gaba. Waɗanda likitoci ke kira T su ba da umarni, waɗanda ake kira B su ƙera makamai. Waɗansu manya kuma su taru a gaɓar suna zubo wani sinadari mai suna TNF. Shi kuwa kamar gangar yaƙi yake, yana kiran sauran su zo su ƙara. Sai tantanin ya kumbura, ya yi kauri, ya soma cin guringuntsi da ƙashi. Lalle da ɗan gari akan ci gari.

Yaya za mu gane shi? Yakan kama yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare. Da safe gaɓoɓin su sandare har kusan awa ɗaya, uwargida ta kasa riƙe muciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ke da shi a 2019, kashi 70 cikin 100 mata ne. Shan taba yana ƙara haɗarinsa.

Akwai taimako. Likita yakan ba da methotrexate, sau ɗaya a mako, don kwantar da masu gadin, amma mai ciki ba ta sha. Daga 1998 kuma an sami allurai masu toshe TNF, sai dai suna da tsada.

Kada mu saya wa kanmu prednisolone a kemis. Yana kwantar da zafi nan da nan, amma yawan shansa yakan jawo hawan jini, ciwon sukari da raunin ƙashi.

Ƙashin da ya cinye ba ya komowa. In kumburi ya yi makonni bai sauka ba, mu kai mai ciwon asibiti. Kada kuma mu ce mata raguwa. Mu karɓi tulun, mu taya ta daka.

Sai wata mai zuwa.