Baƙin mai: Kauri ba shi ne maganin tsufan injin ba

A garejoji da dama daga Kano zuwa Maiduguri, da zarar an kawo tsohuwar mota juye, shawarar kusan ɗaya ce: a zuba mata 20W-50. Hujjar ita ce injin ya tsufa, ƙasar kuma da zafi, don haka sai mai kauri. Wannan shawara ta dace da wasu motoci, amma tana cutar da wasu, kuma a lokacin da kuɗin sauya injin ya fi ƙarfin akasarin masu mota, bai kamata a ci gaba da zaɓen baƙin mai bisa al'ada ba.

Lambobin da ke jikin galan suna da ma'ana. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ce ta tsara su. Lambar farko, wadda harafin W ke bi, tana nuna yadda man ke gudana idan injin ya yi sanyi. Ta biyu kuma tana nuna kaurinsa idan ya kai zafin digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. Ke nan 5W-30 ya fi saurin isa sassan injin da safe, yayin da 20W-50 ya fi kauri a sanyi da kuma zafi.

Al'adar amfani da 20W-50 tana da asali. Tun daga 1975 da kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot 504 a Kaduna, makanikai da yawa a kan irin waɗannan injina suka koyi sana'a, kuma mai kauri bai dame su ba. Sai dai motocin da suka cika tituna yau daban suke. Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 an tsara ta ne da 5W-30, Honda Accord da aka fi sani da EOD, wadda aka kawo daga Amurka, ana rubuta mata 5W-20. Irin waɗannan injina suna da na'urar VVT-i ko VTEC da ke aiki da matsin baƙin mai ta cikin hanyoyi 'yan sirara. Idan man ya yi kauri fiye da ƙima, yakan makara wajen isa saman injin lokacin tayarwa, lokacin da ƙarfe ya fi gogar ƙarfe. Yana kuma ƙara wa injin nauyi, abin da ke ƙara shan fetur, wanda tun cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama abin lissafi ga kowane direba.

Batun zafi ma yana buƙatar gyara. Gaskiya ne a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. To amma lafiyayyen injin da ke da lagireto mai kyau yana aiki ne a wajajen digiri 90, ko a Jos yake ko a Gusau. Injin da ke yawan zafi, na'urar sanyaya shi ce ke neman gyara. Mai kauri ba zai wanke masa lagireto ba.

Wannan ba yana nufin ba a taɓa ƙara kauri ba. Injin da ya yi tafiya mai yawa yakan samu sararin da ke tsakanin ƙarafansa ya ƙaru. Alamunsa sanannu ne: shan baƙin mai tsakanin juye da juye, hayaƙi shuɗi-shuɗi a salansa, ko fitilar mai ta riƙa ƙiftawa idan mota ta yi zafi tana tsaye. A irin wannan hali, musamman ga motar haya da ke ɗaukar lodi ko yini cikin cunkoso, hawa mataki ɗaya ya wadatar, wato daga 5W-30 zuwa 5W-40 ko 10W-40. Littattafan motoci da dama suna ɗauke da jadawalin man da ya dace da yanayin zafi, kuma a wasu motocin an rubuta lambar a kan murfin zuba mai. Daga nan ya kamata a fara. Bayan sauyin, mai mota ya riƙa duba geji duk bayan kilomita 1,000 don ya ga ko shan man ya ragu. Idan injin ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, yawan kilomita kaɗai ba dalili ba ne na sauya abin da kamfani ya rubuta.

Akwai kuma man da ake yi musamman don injinan da suka haura mil 75,000, kimanin kilomita 120,000. Yana ɗauke da sinadaran da ke tausasa robobin da suka bushe, yana rage yoyo ba tare da ƙarin kauri ba. Amma shi ma ba ya mayar da ringin da ya cinye sabo. Mai kauri yana ɓoye ƙara da hayaƙi na ɗan lokaci, ciwon kuwa yana nan har ranar da injin zai buga.

Duk wannan lissafi ba shi da amfani idan man jabu ne. Har yanzu ana sayen baƙin mai na awo daga duro a kwalba, ana murza shi da yatsa don a ji kaurinsa, alhali yatsa ba ya gane inganci. Alamar API a jikin galan, kamar SN ko SP, ita ce ke nuna matakin inganci. Ƙurar hunturu kuma tana tilasta sauya filtar mai da ta iska a kan lokaci.

Wajibi ne hukumar SON ta ƙara matsa wa masu haɗa man jabu lamba, ƙungiyoyin makanikai kuma su koya wa yaransu karanta lambobin nan kamar yadda suke koya musu riƙe sufana. Shi kuma mai mota, kafin ya biya kuɗin juye na gaba, ya tambayi bakanikensa dalilin zaɓen man. Idan amsar ita ce “haka aka saba”, ya buɗe bonet ya duba murfi.