Ku Bar Fijo 504 Ta Tsufa Da Mutuncinta

Yau ƙorafi na zo da shi, kuma wanda abin ya sosa wa rai sai ya yi haƙuri.

Wai me ya sa a ƙasar nan duk wanda aka gani cikin tsohuwar mota sai a ce karayar arziki ce ta same shi? Mutum ya nemi Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ya biya kuɗinsa, ya gyara ta tsaf, amma da ya fito sai ka ji ana cewa "Alhaji har yanzu ba a rabu da akwalar nan ba?" Mai faɗin haka kuwa ƙila 'yar Kwatano yake ja, wadda wani Bature ya gama more ta shekara goma sha biyar kafin ta iso hannunsa. Tasa ba tsohuwa ba ce?

To bari in tuna mana. A 1968 aka fito da 504 a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka. A wannan shekara ta 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, mu kuwa muka ci gaba har 2006. Ita ce motar manyan ma'aikatan gwamnati zamanin mulkin soja na Obasanjo, ita ta kai amare, ita ta yi jigila tsakanin Kano da Maiduguri da fasinja bakwai da kaya har saman rufi. Hannun 'ya'yanmu ne ya ɗaura ta. Amma yau ina suke? Muna sayar wa 'yan gwangwan a kan sikeli, kilo-kilo, a sare ta da gatari a kai kamfani a narka a yi rodi. Wallahi wannan abin kunya ne.

Ba na yaudarar kowa, riƙon irin wannan mota ba wasa ba ne. Injin lita 2 ne mai kafireta, yana shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda gidan mai ya koma. Ba ta da jakar iskar nan da ke kare mutum in an yi karo. Wanda ba shi da wata motar, kuma kullum sai ya kai yara makaranta, ban ce ya saya ba. Amma ku duba ɗaya ɓangaren: babu kwamfuta a jikinta, bakanike da sifana da sukuddireba ya ishe ta, kuma mai haƙurin zagaya Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba ya rasa kayan gyaranta.

Masu ba ni haushi na biyu dillalai ne. Tun da suka ji wasu sun fara neman tsofaffin motoci, sai su samo wadda tsatsa ta cinye, a cika ramukan da foti, a watsa mata fenti mai walƙiya, a ce "ta wani tsohon famanan sakatare ce, ajiye ta ya yi." Kowace Fijo a bakinsu ta famanan sakatare ce! Malam, kar fenti ya ruɗe ka. Ɗaga kafet ka ga ƙasan, leƙa ƙarƙashin ƙofofi da mazaunin batir, ka sa maganaɗisu a jikin bodi, inda ya ƙi kamawa foti ne. Lambar shasi kuma ta dace da ta takarda, in ba haka ba ka juya abinka.

Sai na uku, waɗanda su ne suka fi ƙona min rai, masu saya su cire injinta su dasa na Toyota, su sa mata ƙafafun zamani da baƙin gilashi da lasifika cike da but, wai sun gyara. Ba gyara kuka yi ba, kisa kuka yi. In Toyota kake so ga su nan jibge a bakin titi, je ka saya, ka bar wa mai so tasa Fijon yadda Kaduna ta fito da ita.