Hutun Shekara: Dole Ne Sai An Hau Mota?

Akwai wata al'ada da ta kama ƙananan ma'aikatanmu, wadda ya kamata mu ɗalibai mu dube ta tun kafin mu faɗa cikinta. Da zarar an sa hannu a takardar hutun ma'aikaci, sai ya ga kamar in bai ɗaure kaya ya nufi tasha ba, abokan aiki za su ce ya kasa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, amma al'adar tana nan daram. Sai mutum ya ci bashi, ya cusa matarsa da yaron da aka yaye jiya-jiya cikin mota mai cunkoso, a wuni ana jijjiga, yaro na tsala kuka. A dawo aljihu wayam, jiki ya yi tsami. Jama'a, wannan shi ne hutu?

Ban ce a yanke zumunci ba. Salla tana nan, biki da suna suna nan. Abin da nake cewa shi ne, mai ƙaramin yaro yana iya cin hutunsa a garin da yake zaune, ya kuwa ci riba, muddin ya san yadda zai tsara shi. Tsarin kuwa shi ne wuyar aikin.

Bara na yi hutuna a gidan yayana a Kano, daidai lokacin da shi ma ya ɗauki nasa. 'Yarsa Ummi shekararta biyu. Yaya ya zauna da biro ya rubuta jadawali kamar na ofis: yau Dala, gobe Gidan Makama, jibi Kasuwar Kurmi. Ranar farko muka kama hawan Dala da rana tsaka. Ba mu kai rabi ba Ummi ta ɓarke da kuka, ta ƙi tafiya, ta ƙi goyo, muka sauko muna haki. Da muka koma gida matarsa ta dube shi ta ce, “Baban Ummi, ai naka hutun ka tsara, ba nata ba.”

Gaskiya ta faɗa. Yaro mai tatata bai san tarihin Bagauda ba, bai kuma damu da shi ba. Abin da ya sani shi ne cikinsa da barcinsa. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana guda, da motsa jiki na minti 180 a wuni, kada kuma mai shekara 2 ya wuce awa guda yana kallon waya ko talabijin. Wanda ya riƙe wannan lissafi, jadawalinsa ya riga ya rubuta kansa. Sai muka koma fita da sassafe bayan karin kumallo, wuri guda tak a rana, da gorar ruwa da ɗan abin taɓawa da kayan canji, mu dawo kafin azahar ta yi barcinta. Bayan la'asar kuma sai wasan ƙasa a tsakar gida, da roba cike da ruwa da tsofaffin gwangwanaye.

Ranar da muka je gidan zu na Audu Baƙo, Yaya ya yi ta nuna mata manyan namun daji, ita kuwa hankalinta yana kan wani ƙadangare da ke gyaɗa kai a jikin bango. Ta fi minti ashirin tana kallonsa. A nan na gane cewa kuɗin shiga kanmu muka biya wa.

Amma babban abin da nake so 'yan'uwana maza su ji shi ne wannan. Wasu sukan ce sun yi hutu a gida, alhali kuwa a majalisa suka yi shi, daga shayi sai gardamar ƙwallo, uwar yaro tana nan da ɗawainiyarta kamar kullum. To, ita yaushe za a sa hannu a takardar hutunta? Ma'aikacin da ke fita tun yaro bai tashi ba, ya dawo bayan ya yi barci, baƙo ne a wurin ɗansa, ko ya yarda ko bai yarda ba. Kwanakin hutu su ne damarsa ta koyon yi wa yaro wanka, da ba shi kunu, da sanin kukan yunwa daban da kukan barci. Ba raini ba ne, kuma rawani ba ya faɗuwa don an ɗauki cokali.

Yaya ya sha fama a makon farko, har ya taɓa sa mata riga a baibai. Kafin hutun ya ƙare, sai ga Ummi ta ƙi yarda kowa ya yi mata wanka in ba shi ba. Ranar da ya koma aiki ta biyo shi har zaure riƙe da soso, sai da na ɗauke ta na ce, “Zo wurin Baffa,” sannan ya samu ya tayar da babur.