Wasiƙa zuwa ga masu jera yaƙin Warsaw a kan tebur

 Dattijon da ya rubuto wasiƙar nan ba zai hana yabo inda ya dace ba. Kangayen kwali sun fito sak, fentin ƴan sojojin darma ya yi kyau, har ƙyallen fari da ja na damtsen mayaƙan Poland na Armia Krajowa ba a manta ba. Madalla.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne rabon maki. Sai a ba ɓangaren Poland maki 1000, Jamus ma 1000, kamar yadda aka saba a wasan Bolt Action, wai don kada a kwari kowa. Mai riƙe da Poland kuma ya zuba makinsa a tankar Panther, in an yi magana ya ce ai tarihi ne. To, guda nawa? Biyu bataliyar Zośka ta kame a unguwar Wola ranar 2 ga Agusta 1944. Da ɗaya aka fasa sansanin Gęsiówka ranar 5 ga wata, aka ceto Yahudawa 348, kuma kafin tsakiyar watan an yi watsi da duka biyun. Motar sulken nan Kubuś, da aka ƙera a Powiśle a kan gindin babbar motar Chevrolet, ƙwaya ɗaya ce tal, kuma harin da ta kai harabar jami'a ranar 23 ga Agusta bai yi nasara ba.

Lokacin da boren Warsaw ya ɓarke, ƙarfe 5 na yammacin 1 ga Agusta, yawancin mayaƙan ko bindiga ba su da ita. Kwalaben fetur ne, da gurneti ƙirar gida, sai ƴan bindigogin Błyskawica da aka harhaɗa a ɓoye. Jamus kuwa ga jiragen Stuka, ga igwar Karl mai baki milimita 600. Wanda ya daidaita waɗannan biyu a ma'auni, wani yaƙin ya ƙirƙiro, ba na Warsaw ba.

Magabata ba haka suka bari ba. Reisswitz, da ya nuna wa hafsoshin Prussia wasansa na yaƙi a 1824, alƙali ya sa a tsakani, kowane kwamanda ya yi aiki da abin da aka danƙa masa, ko yawa ko kaɗan. Zamanin marubucin wasannin yaƙi Donald Featherstone mutum sai ya karanta littafin tarihi kafin ya taɓa ƙwayar ludo. Yau kuwa jerin farashin makamai ake haddacewa. Kaico. Amma a yi wa tsoho uzuri, ba raini ba ne.

Sai kuma batun titunan da ake jerawa fayau, ba tsohuwa, ba yaro. A Wola kaɗai dakarun Jamus na Reinefarth da Dirlewanger sun hallaka farar hula fiye da 40,000 cikin ƴan kwanaki, an kuma riƙa tasa mutane gaban tankoki a yi garkuwa da su. Ba wanda ya ce a mayar da kisan gilla wasa. Amma kwamandan Poland kullum da raunatattu da ƴan gudun hijira a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa yake lissafi, kuma wannan lissafin ne ke yanke inda zai tsaya da lokacin da zai ja da baya. In aka cire su, maki kawai suka rage, an dawo gidan jiya.

Shawarar dattijo ita ce a sauya ma'anar cin wasa. A ɗauki ficewa daga Tsohon Gari, daren 1 zuwa 2 ga Satumba: ƴan tsiraru su tsare shinge a dandalin Krasiński, saura su dinga sauka ɗaya bayan ɗaya cikin magudanar ƙazanta har su ɓulla a titin Warecka. A ba Jamus duk makaman da take so. Cin mai riƙe da Poland a ƙirga shi da yawan mutanen da suka shige ramin kafin shingen ya faɗi.

A huta lafiya.